Kwarmin Ƙafar Auta

Lahadi, da yamma

An sake buɗe ɗaukar sababbin sojoji. Auta ne ya faɗa muna tsakiyar cin abinci, kuma kwanonsa ya gaya wa, ba ni ba. Babansu ya ci gaba da tauna kamar da maƙwabta ake. Ni kuma na ce gishiri ya yi wa miyar yawa, alhali ni na dafa ta.

Bara ya je aka dawo da shi. Ba a gudu ya faɗi ba, ba a rubutu ba. A wurin awo akwai inda ake sa mutum ya tsoma ƙafa a bahon ruwa, ya fito ya taka busasshen siminti, a duba sawunsa. Sawun da suke so shi ne mai gurbi ta gefen ciki, wurin kwarmin tafin ƙafa, inda fata ba ta taɓa ƙasa. Na Auta ya fito a cike tun daga diddige har yatsu, ko allura ba za ta sami busasshen wurin kwanciya ba. Ƙafar agwagwa, in ji abokansa. Aka ce ya sa takalminsa, Allah ya ba da sa'a a wani wurin. Ya dawo ya kulle kansa a ɗaki, ni kuma na yi barcin da na daɗe ban yi irinsa ba.

Ɗazu ina wanke-wanke ya zo ya jingina da ƙofar kicin.

"Umma, ke fa aikinki ne."

"Wanke kwanuka? Na sani, ai ga shi ina yi."

"Ƙafa nake nufi. Mutane a kan keke ake turo su wurinki, su koma gida da ƙafarsu. Ni kwarmi kawai nake nema."

Na ce kwarmi ba a kanti ake sayar da shi ba. Ya ce akwai sauran makonni kafin awon. Na ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ya ce ai shi ya sa ya zo yau. Na ce ya miƙo mini soso.

Litinin, bayan tashi daga aiki

Na tsufa a sashen gashi na asibitin nan, inda muke koya wa gaɓoɓi motsi bayan karaya ko shanyewar ɓarin jiki, amma ban taɓa jin haushin ƙafar robar da ke kan kabad ba sai yau. Da ita muke koya wa ɗalibai. Buɗewa take hawa-hawa, ka cire wannan ka ga na ƙarƙashinsa, har hawa huɗu. Yau ɗalibai suka zo, dole na sauko da ita.

Na gaya musu abin da nake gaya wa kowane rukuni. Tsokokin da ke motsa ƙafa iri biyu ne. Akwai dogaye, suna zaune can sama a sha-raɓa, sai dai su aiko da jijiyoyi kamar igiya ta gefen idon sawu su ja yatsu. Su ne masu ƙarfi, su kowa ya sani. Akwai kuma ƙanana, wajen ashirin, waɗanda a cikin ƙafar suka fara, a cikinta suka ƙare, ba su taɓa haura idon sawu ba. Guda huɗu sirara ne kamar tana. Wasu sun cusa kansu tsakanin ƙasusuwa. Akwai wata 'yar faffaɗa a gaban diddige da ba ta da aikin komai sai gyara wa doguwar jijiya hanya, don ita doguwar a karkace take shigowa, in ba a daidaita ta ba sai ta ja yatsu gefe. Babu mai gode musu. Mutum zai yi rabin yini a layi, su ne ke ta gyara masa tsayuwa kada ya kife, shi bai ma san da zamansu ba.

Sai na kai yatsa kan wadda ba na son taɓawa yau, ta gefen ciki, wadda ta taso daga diddige ta ƙare a gindin babban yatsa. Sunanta na boko ya fi ta tsawo. Mu a sashe mai-ware-babba muke ce mata, don ita ke ware babban yatsa daga 'yan'uwansa, kuma in ta yi ƙarfi tana taimakawa wajen ɗaga kwarmi. Wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, wato shimfiɗaɗɗiyar ƙafa tana gyaruwa?" Na ce wata tana gyaruwa, wata ba ta yi. In mutum ya yi ɗage a kan yatsunsa kwarmin ya fito, to ƙashi lafiya lau yake, tsoka ce ke barci.

Na Auta yana fitowa. Tun yana ƙarami na gani, ranar da ya yi ɗage zai sato gwangwanin sukari.

Laraba, da safe

Ya samo wani abu a waya. Na fito na tarar da shi a baranda zaune a kan kujera, ya shimfiɗa tawul a ƙasa yana tattaro shi da yatsun ƙafa, yana naɗe su da ƙarfin tsiya. Har ya haɗa gumi.

"Umma, haka ne?"

Ba haka ba ne. Duk wanda ya naɗe yatsu haka, dogayen ne ke ɗauke aikin, ƙananan suna kwance abinsu. Sha-raɓarsa za ta yi ƙarfi, kwarmin kuwa yana nan inda yake.

Na ce, "Ci gaba."

Ya yi murmushi, har da cewa ai ya san zan sauko. Na tafi aiki ban karya ba.

Alhamis, da safe

Tawul.

Asabar, da hantsi

Na share ɗakin ƙarshen baranda, na yayan Auta. Na buɗe taga, na kaɗe katifa, na rufe taga. Ba abin da na motsa daga inda yake.

Babansu yana falo, wayarsa a jikin caji kamar kullum. Gilashinta ya tsage, in zai karanta saƙo sai ya karkata ta, amma ba ya yarda a canja, kuma ba ya yarda kowa ya daɗe a layin. Ko ƙanwarsa ce ta kira, gaisuwa ce a tsaitsaye: "To, to, sai an jima, kada a riƙe layi." Haka yake tun ranar da mutanen nan biyu suka zo da kaki suka zauna a doguwar kujera, aka kawo musu ruwa ba su sha ba. A kan yayan Auta suka zo, wanda ya tafi soja bai dawo ba, amma ba su ce e ba, ba su ce a'a ba. Sun ce ana kan bincike, za a kira.

Na ce ba zan rubuta wannan ba.

Auta ya ɗora dutse a kan tawul ɗin don ya ƙara nauyi.

Litinin, da azahar

Tsohon direban nan mai ciwon sukari ya zo. Ciwon ya cinye jijiyoyin ƙafarsa tun daga ƙasa, ƙananan tsokokin sun shanye, sai ramuka tsakanin ƙasusuwa. Dogayen kuwa suna nan da ransu suna ja, babu mai ce musu ya isa, shi ya sa yatsunsa duk suka ƙanƙame suka tashi sama, takalmi na cin su. In ya rufe ido ba ya iya tsayuwa. Ya ce, "Likita, ni fa da ƙafar nan na yi shekara da shekaru ina tuƙa tirela, yau ga shi tsayuwa a kan tabarma ta gagare ni." Na ce, "Baba, ba ƙarfi ka rasa ba, 'yan gyara ne suka yi ritaya." Ya yi dariya har da tari, ya ce to a dawo masa da su a kan kwantiragi.

Nasa ba za su dawo ba. Ban gaya masa ba, na dai koya masa duba tafin ƙafarsa da madubi kowace safiya.

Bayan ya fita Sista, wadda muke ɗaki ɗaya da ita a sashen, ta dube ni ta ce na rame. Na ce ƙiba nake ragewa. Ta ce, "Ke da wace ƙibar?"

Laraba, da yamma

Tawul ya yage. Na ba shi wani, da hannuna.

Juma'a, bayan la'asar

Asirina ya tonu, kuma gilashina ne ya tona shi.

Na manta shi a gida, babansu ya aiko Auta ya kawo mini. Ya shigo ina can ƙurya ina rubutu da ƙyar, Sista kuma tana tsakar ɗaki da wata mata mai aikin kanti, wadda yinin tsayuwa ya sa wa ciwon tafin ƙafa. Sista ta durƙusa gabanta ta dafe mata yatsu a ƙasa. Muryar Sista kuwa ko a bakin get ana jin ta.

"A'a, baiwar Allah, kada ki naɗe yatsu. Naɗe yatsu wahalar banza ce, ko shekara za ki yi kina jan tawul kwarmi ba zai tashi ba. Yatsu a miƙe. Ki jawo gaban ƙafar zuwa diddige, kamar kina so ƙafar ta gajarce." Sai ta ɗago ta gan shi. "Kai, Auta ne ya zama ƙato haka? Zo ka ga aikin mamanka, ita ta koya mini wannan da hannunta."

Ya tsaya yana kallon ƙafar matar har kwarminta ya ɗan ɗaga. Sannan ya zo ya ajiye gilashin a kan teburina a hankali, ya gyara masa zama ya daidaita shi da gefen takarda. Bai dube ni ba. Ya yi wa Sista sallama da ladabi ya fita.

Sista ta ce yaron nan akwai kunya. Na ce e.

Asabar, da safe

Bai fito baranda ba. Tawul ɗin yana kan igiya, a wanke.

Lahadi, da yamma

Da ma ya yi faɗa. Faɗa na shirya wa, tun jiya na tanadi maganganu, har da na cewa ni na haife shi ba shi ya haife ni ba. Sai ya zo ya zauna a ƙasa kusa da kujerata, ya ce a hankali, "Umma, kin san masu babbar motar nan da ke tsayawa bayan kasuwa?"

Na sani. Kowa ya sani. 'Yan sa-kai. Ba awo, ba horo, ba takalmi. Ka ba da sunanka da safe, da yamma kana bayan mota. Ɗan mai gyaran famfo da su ya tafi.

"Su ba sa duba ƙafa," in ji shi.

Na ce barazana yake mini? Ya ce a'a, gaya mini yake don kada in ji a bakin wani. Na ce me zai je nema, me ya ajiye a can? Ina faɗa na so in kamo maganar in mayar da ita ciki. Ya dubi ƙarshen baranda, ya dawo da idonsa kan yatsunsa.

"Ki koya mini na gaskiya," ya ce. "In na je da na gaskiya suka sake dawo da ni, wallahi na haƙura. Ba zan bi motar ba, zan koma shagon Kawu in ci gaba da gyaran firji. Amma in kika bar ni da tawul, ban yi miki alkawarin komai ba."

Gaba kura, baya sayaki. In na koya masa ya wuce, zai tafi, amma da horo da takalmi. In na ƙi, zai tafi babu ko ɗaya. Hanya ɗaya ce tak da zai zauna a gidan nan, ita ce in yi iya ƙoƙarina, ƙoƙarin nawa ya kasa. Ban taɓa roƙon Allah in kasa aikina ba, ban ma san yadda ake jera addu'ar ba.

Na ce ya wanke ƙafa gobe da safe, ba zan taɓa ta da wannan dauɗar ba.

Litinin, da safe

Na zaunar da shi a kujera, tafin ƙafa a kan siminti, na durƙusa. Rabon da in riƙe ƙafarsa tun ina yanke masa farce yana ihu. Yanzu hannuna biyu ba sa rufe ta. Na dafe yatsun, na ɗora babban yatsana a gefen ciki, daidai kan mai-ware-babba.

"Gajarta ƙafar."

Ya naɗe yatsu. Na ɗala masa duka a ƙwauri.

"Yatsu a miƙe, na ce. Jawo nan zuwa nan."

Ya ɗaga diddige. Ya juya gwiwa waje. Ya cije leɓe, ya riƙe numfashi, har kunnensa ya motsa, amma a ƙarƙashin yatsana shiru kake ji, wai malam ya ci shirwa. Ya ce shi fa bai san inda take ba, ta yaya mutum zai kira abin da bai san inda yake ba? Na ce haka kowa ke cewa ranar farko. Na ja masa layi a wurin da farcena don ƙwaƙwalwa ta gane hanyar.

Babu abin da ya motsa. Na tafi aiki zuciyata sakayau, Allah ya yafe mini.

Talata, da safe

Babu.

Laraba, da safe

Babu. Ya yi jifa da silifas ɗinsa har bayan katanga, ya je ya ɗauko da kansa.

Juma'a, da safe

Ta tashi.

Ɗan motsi ne, bai fi bugun jini ba. Fatar ta ɗan ja a ƙarƙashin yatsana, kwarmin ya rabu da siminti, haske ya shiga. Shi bai ma ji ba, ni na ji. Kafin in san abin da nake yi na ce, "Yauwa, ita ce, riƙe ta," da irin muryar da nake yi wa marasa lafiya in sun yi takun farko. Na ji daɗi. Wannan ne ya fi yi mini ciwo. Na ji daɗi har cikin raina, kamar ƙafar wani ce can da aka turo mini.

Sai tsokar ta ɗaure masa, ya zube a baranda riƙe da tafin ƙafa yana dariya yana kiran sunan Allah. Na murza masa har ta saki.

A wurin aiki na shiga ɗakin ajiya na zauna a kan kwalin bandeji. Sista ta buɗe ƙofa, ta gan ni, ta rufe. Da aka tashi ta biyo ni har get. Ashe ta haɗa biyu da biyu. Ta ce, "Da na san shi ne, da na ɗinke bakina." Na ce bakinta ko tela ba zai iya da shi ba. Ta riƙe mini jaka har na shiga mota.

Lahadi, da hantsi

Yanzu safe da yamma muke yi. A zaune, sannan a tsaye, sannan a ƙafa ɗaya. Na sa shi ware yatsu kamar mafici don 'yan tsakanin ƙashi su farka. Na sa shi ɗaga babban yatsa shi kaɗai sauran suna ƙasa, sannan sauran su tashi babban ya zauna. Ya ce wannan ai siddabaru ne ba motsa jiki ba. Na hana shi sa takalmi a cikin gida. Ba na rage komai. Jiya na gwada ragewa, hannuna ya ƙi. Da na ga gwiwarsa ta faɗa ciki, kafin in yi tunani na riga na gyara ta.

Babansu yana kallonmu ta taga. Ɗazu da Auta ya fita sai baban ya zare silifas ya miƙo mini ƙafarsa, wai in duba ko shi ma za a ɗauke shi. Shimfiɗaɗɗiya ce kamar faranti, ita Auta ya gado. Na ce shi sai dai a ɗauke shi aikin daɓe. Ya yi 'yar dariya, na manta rabon da in ji ta. Sai idonsa ya sauka kan tawa ƙafar, mai kwarmi kamar an sassaƙa, na san abin da ya tuna. Yayan Auta ƙafata ya ɗauko. Ranar nasa awon ko tsayawa ba su yi a kan sawunsa ba.

Na ja zani na rufe ƙafata. Ya ce, "Ki koya masa da kyau." Ya koma wurin wayarsa.

Talata, da yamma

Ƙanwata ta kira tana ta faɗa, wai ta ji labari. "Yaya, lafiyarki ƙalau kuwa? Ke da hannunki?" Ta ce in sa wani likita ya ce yana da ciwon zuciya. Ta ce in kwanta in ce ba ni da lafiya. Ta ce in gaya masa in ya tafi ban yafe ba. Duk na riga ta tunaninsu, har da waɗanda ita ba ta kai gare su ba, kuma kowanne a bayan kasuwa yake ƙarewa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na ce mata ruwa na tafasa a kan wuta, na kashe.

Alhamis, da yamma

An kira wayar babansu, baƙuwar lamba. Sai da ya miƙe tsaye kafin ya ɗauka. Wani ne ke neman mai gyaran janareta. Ya ce ba komai, ba komai, Allah ya sa a dace, ya zauna.

Auta yana tsaye a ƙafa ɗaya a baranda. Bai sauke ɗayar ba, amma na ga kwarmin ya faɗi.

Asabar, da hantsi

Ya ce mu gwada. Ya cika bahon wanki, ya share simintin baranda. Na ce ina da aiki a kicin, ya ce aikin zai jira.

Ya tsoma, ya fito, ya taka, ya wuce. Muka sunkuya mu biyu a kan sawun kamar masu neman ɗan kunne. Akwai gurbi. Ba babba ba ne, yatsuna biyu ne suka shiga, amma busasshe ne, kuma yatsun sun fito a miƙe, babu alamar ƙanƙamewa. Na hagu ya fi na dama. Na ce ya sake, amma wannan karon kada ya kira tsokar, ya taka kawai yadda ya saba. Ya sake. Agwagwa ta dawo gaba ɗayanta.

Ya ce, "Umma, ya kika gani?" Na ce ta dama da saura. Gaskiya na faɗa. Na tsaya har rana ta shanye sawun duka sannan na koma kicin, na tarar albasa ta ƙone.

Litinin, da safe

Ta dama ma ta kamo.

Laraba, bayan tashi daga aiki

Ban shiga mota ba, da ƙafa na dawo, ta bayan kasuwa, hanyar da ba tawa ba. Ciwon aikinmu ke nan, ba ma ganin fuska sai ƙafa. Mai tura baro yana taka gefen waje, takalminsa ya cinye ta nan. Wata mai ciki ƙafarta ta baje don nauyi. Ɗan sandan kan mahaɗa sai sauya ƙafa yake, na san diddigensa ne, na san in ya sauko daga gado da safe kamar ya taka ƙusa yake ji.

Motar 'yan sa-kai tana nan, an ɗage tamfol ɗin baya, samari suna hawa ɗaya bayan ɗaya. Ban dubi fuskar kowa ba. Silifas, silifas, yagaggen takalmin ƙwallo, silifas. Akwai wani da ya ɗaure nasa da waya, ƙafarsa ta fi ta Auta shimfiɗewa, idon sawun ya faɗo ciki. Irin wannan ƙafa ba za ta yi tafiyar yini da kaya a baya ba. Kafin azahar za ta fara ja, ya zama na ƙarshe a layi. Na buɗe baki zan ce masa wani abu, ban san me ba. Ya kama ƙarfe ya haye.

Da na iso gida na sa Auta ya yi ta maimaita na ƙafa ɗaya, ido a rufe, har ya ce na fi sajan mugunta.

Juma'a, da safe

Na share ɗakin ƙarshen baranda, alhali yau ba Asabar ba ce.

Lahadi, da yamma

Gobe ne.

Yana zaune a baranda yana yanke farcen ƙafa, an ce su je da gajeren farce da gajeren wando. Na ɗauko 'yar kujera na zauna kusa da shi.

"Na cika nawa alkawarin?"

"Kin cika, Umma."

"Ban rage komai ba."

"Na sani."

"To ka ji. Gobe in ka fito daga ruwan nan, babu wanda zai san ka kira ta ko ba ka kira ta ba. In ka taka yadda Allah ya halicce ka, ba ka yi wa kowa ƙarya ba."

Duk makonnin nan a durƙushe nake gabansa safe da yamma, amma yau ne na roƙe shi. Na ji kunya, kuma ban damu ba. Ya gama yanke na ƙaramin yatsa, ya tattara farcen a tafin hannunsa, ya ce, "Na ji, Umma."

Bai ce to ba. "Na ji" ya ce.

Litinin, da azahar

Ban je aiki ba. Na goge kayan da ba su yamutse ba.

Litinin, da yamma

Ya dawo da lamba a rubuce a ƙirjin rigarsa. Waɗanda aka sallama ba a ba su lamba, na san wannan tun na yayansa. Tun daga get na gani. Babansu ma ya gani, ya zare wayarsa daga caji ya shige ɗaki.

Auta ya zo ya durƙusa gabana.

"Umma, na yi yadda kika ce. Da na fito daga ruwan na saki, ban kira ta ba. Ita ce ta tashi da kanta. Ta riga ta saba."

Na san tsokar nan fiye da tafin hannuna. Makonni kaɗan ba sa isarta ta riƙa tashi da kanta, sai an yi watanni, wani ma har ƙarshen rayuwarsa sai ya kira. Yau da safe da idona na ga sawunsa da ya fito daga wanka, a cike yake. Ya kira ta. Ya tsaya gaban mutanen nan da maganata a kunnensa, ya kira ta, sannan duk hanyar dawowa yana ɗinka mini wannan don kada in ce ya ji roƙona ya ƙi. Kuma bai rantse ba, Autan da ke rantsuwa a kan ko ya ci abinci.

Ya ɗago yana kallona yana jira, kamar yadda marasa lafiya ke jira in gaya musu abin da na gani.

Na ce, "Takan yi haka. In ta sami horo mai kyau, takan yi haka."

Ya sauke ajiyar zuciya, ya kifa kansa a gwiwata. Na dafa ƙeyarsa. Asabar motarsu ta soja za ta tashi.